Ƙafar Baba da Hayaƙin Asibiti

Alhamdu lillahi, Baba yana nan da ransa, yana cin tuwonsa, yana yi wa jikoki faɗa kamar yadda ya saba. Na fara da wannan ne don kada wani ya karanta da faɗuwar gaba. Sai dai ƙafarsa ta dama, daga ƙasan gwiwa, ba ta tare da shi, kuma da mun san abin da muka sani yanzu, da yatsu biyu kawai za a cire. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, ko wani mai jinyar tsoho zai tsinci abin da zai amfane shi.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwa. Halina tun ina yaro, in abu ya ƙi aiki ba na samun sukuni sai na kwance shi na ga abin da ke cikinsa. Rediyon Baba biyu na kashe a kan haka, na kuma sha bulala. Inna takan ce da ana sayen tambaya a kasuwa da tuni na gina bene. Amma akwai mutum ɗaya a duniya da ban taɓa ce wa “me ya sa” ba, shi ne Baba. Ni ne ɗan farinsa, gidanmu kuma a Ƙofar Wambai irin gidajen nan ne da ba su saki al’adar dā ba. Baba bai taɓa kiran sunana ba. In yana nemana sai ya ce wa Inna, “Ina yaron nan?” alhali yaron nan ’ya’yansa uku. In muka haɗu a zaure gaisuwa ce kawai, kowa ya kalli wani gefen. Ba ƙiyayya ba ce, kunyar ɗan fari ce, haka shi ma ya taso da nasa mahaifin.

An daɗe da gaya wa Baba yana da ciwon suga. Magani kuwa sai ranar da ya tuna. Daga baya tafin ƙafarsa ya daina jin komai, shi kuma maimakon abin ya dame shi sai ya mai da shi abin alfahari, wai Allah ya ba shi ƙafar raƙumi. Wata Juma’a cikin tsakiyar bazara ya makara, masallaci ya cika, sahu ya fito har kan titi. Ya manta dardumarsa a gida, sai ya tuɓe takalmi ya tsaya a kan kwalta. Wanda ya san ranar Bauchi a wannan lokaci ya san kwaltar nan ko ƙwai aka fasa a kanta sai ya soyu. Baba bai ji komai ba. Sai da yamma Inna ta ga ƙasan babban ɗan yatsansa ya yi bororo.

Makon farko na Baffa Sule ne. Baffa ƙanin Baba ne, mai sayar da hatsi, kuma ban taɓa jin an ambaci ciwon da bai san maganinsa ba. Ya zo da kwalbar zuma da habbatus sauda, ya ce a shafa, a kuma sha babban cokali safe da yamma. Ni dai na yi ɗan gunaguni a wurin Inna, na ce mai suga da shan zuma? Ta ce, “Kai, rufa mana baki, kana ja da maganin Musulunci ne?” Daga baya da na tambayi Limamin unguwarmu, dariya ya yi ya ce, “Zuma magani ce, babu ja. Amma ko ruwan zamzam ne, in ka shaƙe shi ta hanci ai sai ka ƙware.”

A mako na biyu bororon ya fashe, wurin ya ƙi bushewa. Baba bai fasa zuwa masallaci ba ko sau ɗaya. Zai yi alwala ya jiƙa ciwon, ya zura safa, ya kama hanya yana ɗingishi. Zuwa mako na uku yatsan ya fara baƙi, na kusa da shi ma ya bi sahu, ɗakin Baba kuma ya ɗauki wani wari da turaren wuta ya kasa rufewa. Baffa ya duba ya kaɗa kai ya ce ciwon daji ne, daji kuwa ba ya son allura, in aka kai shi asibiti aka soka masa ƙarfe to an gama. Ya hau babur har Zungur ya ɗauko wani dattijo mai magani, aka kwaɓa wani baƙin gari da man shanu aka lafta. Dattijon mutumin kirki ne, ko kuɗin kirki bai karɓa ba, amma garin nasa rufe ciwon ya yi, muka daina ganin abin da ke faruwa a ƙarƙashi. Ranar da Baba ya yi sujada a sallar Azahar ya kasa ɗagowa, jikinsa zafi rau, ranar ce na tari Keke Napep ban nemi shawarar kowa ba.

Asibiti kuwa, Allah ya ba ma’aikatansa lada, ya kuma ba masu zuwa haƙuri. Layin yankan kati daban, layin biya daban, layin awon jini daban, kowanne kuma sai ka kai gaba a ce ba nan ba ne. Safar hannun da za a taɓa majinyacinka da ita ma kai za ka sayo. Na yi fushi a ranar har na ɗaga wa wata nas murya, ita kuwa ta dube ni ta ce tun safe ko ruwa ba ta sha ba, sai kunya ta kama ni. Likitar da ta duba Baba wata ’yar siririya ce mai tabarau, da ƙyar in ta kai ƙanwata. Ta sa aka wanke baƙin garin nan tas, ta daɗe tana kallon ƙafar. Ta faɗi wani dogon suna da ban riƙe ba. Abin da na riƙe shi ne da ta ce, “Baba, yatsu biyun nan sun mutu, sai an cire su. Kuma ruɓa ba ta jiran shawarar dangi.”

Baba ya ce, “To, ’yata. Allah ya sa haka ne mafi alheri.”

Wallahi haka ya faɗa, da kunnena na ji. Aka ba shi gado a ɗakin maza, can ƙarshe kusa da taga, aka ce sai suga ya sauka an ƙara masa jini kafin a shiga aiki. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani dattijo, Baba Yohanna, tsohon direba ɗan kudancin jiha da ya yi ritaya ya gina gida a Tirwun. Mota ce ta buge shi ta karya masa cinya, aka rataye ƙafar da wani ƙarfe mai nauyi, ya fi wata yana kallon silin. Matarsa, Mama Saratu, kullum da safe sai ta zo da kunun gyaɗa a fulas, tun ranar farko kuma ta riƙa kawo wani daban marar suga saboda Baba. Kafin kwana biyu tsofaffin nan sun fara kiran juna “maƙwabci”.

Safiyar da za a shiga da Baba aiki, nas ta zo da keken tura marasa lafiya. Baba ya dube ta ya ce, “Na fasa.”

Ta ɗauka wasa ne. Aka kira likita ta zo ta yi bayani, ta lallasa, ta tsoratar. Baba ya saurare ta har ta gama, ya ce, “Na gode, ’yata. A bar min abina.” Ya juya fuska wajen bango.

To, a nan ne kowa ya ɗauko addini ya fassara Baba da shi, kuma abin da ya fi ɗaure min kai ke nan a jinyar duka. Baffa Sule murna ya yi. Ya ce Yaya ya ga gaskiya, wannan shi ne tawakkali, wanda ya saukar da cuta shi zai ɗauke ta, ba wuƙar yarinya ba. Inna ta ce mutumin da ya yarda jiya ya ƙi yau ba haka kawai ba ne, akwai hannun maƙiya ko na mutanen ɓoye, ta aika aka yi rubutu aka kawo a gora, aka ɗauko wani saurayi mai ruƙiya ya yi ta karatu a kunnen Baba. Baba ya shanye rubutun, ya saurari karatun, ya ce Allah ya saka. Ni kuma na je na ɗauko Liman. Liman ya zauna a bakin gado ya yi nasiha mai ratsa jiki, ya ce jiki amana ne, neman magani umarni ne, wanda ya ƙi magani yana gani har ya hallaka sai an tambaye shi. Baba yana ta gyaɗa kai yana cewa, “Haka ne, Malam. Gaskiya ne, Malam.” Liman ya ce, “To a kira likita?” Baba ya ce, “A dai bar min abina.”

Ubangiji ɗaya, alƙibla ɗaya, mutum uku, fassara uku. Kowa ya zo da amsa, kuma cikinmu babu wanda ya zo da tambaya. Baffa ƙani ne, ba ya titsiye Yayansa. Liman a gaban Baba aka haife shi. Inna ta riga ta san dalili a ganinta. Ni kuwa, mai kwance rediyo, sai in tsaya a ƙarshen gado tambayar tana nan a maƙogwarona, in Baba ya ɗago ido sai in ce, “A ƙaro ruwan zafi?”

Likitar ta ɓullo da wata dabara. Kullum da safe sai ta ɗauki biro ta zana layi a fatar Baba daidai inda ja da kumburi suka tsaya, don ya gani da idonsa. Layin farko a gindin yatsu yake. Na biyu a tsakiyar ƙafa. Cikin mako na biyu a asibiti layi ya haura idon sawu. Na koma ba na iya cin abinci, in na rufe ido layukan nan nake gani. Ta ja ni gefe ta ce yanzu maganar yatsu ta wuce, kuma in gubar ta shiga jini sosai ba ƙafa za mu rasa ba, Baba za mu rasa. Ba ta da ikon taɓa shi sai da yardarsa, tunda da hankalinsa.

Zaman jinya zaman kallo ne, ni kuma ido gare ni. Ranar Juma’a ’yan agaji da matasan masallatai sukan shigo da lemo da sabulu, su bi gado-gado suna addu’a, ba sa tsallake kowa. Ranar Lahadi da yamma matan zumunta na coci sukan zo cikin zannuwansu iri ɗaya, su ma su bi gado-gado. A waje, mutanen nan wasu ko unguwar juna ba sa son kwana, mun kuma san abin da aka sha gani a ƙasar nan da sunan addini. Amma a ɗakin nan ban ga wanda ya ce a tsallake shi ba. Na riƙa tambayar kaina, shin ciwo ne ke sa mutum ya manta da bambancin, ko kuwa lafiya ce ke sa ya ƙirƙiro wanda ya wuce kima? Har yau ban gama warware wannan ba. Ranar da matan suka tsaya a kan Baba suka roƙa masa sauƙi, ya ɗaga hannu ya ce amin. Baffa Sule yana wurin, ya zaro ido.

“Yaya, amin fa ka ce!”

“Lafiya suka roƙa min, Sule. Me kake so in ce, Allah ya kiyaye?”

Baba Yohanna ya yi dariya har ƙarfen ƙafarsa yana lilo. Su biyun nan hira suke yi sosai in ba kowa, na lura da haka. Da na shigo sai Baba ya yi tsit. Har kishi na ji, in faɗi gaskiya, ganin baƙon da aka sani jiya yana samun abin da ni ban taɓa samu ba.

Wata ranar Talata bayan La’asar zazzaɓi ya rufe Baba, aka yi masa allura barci ya ɗauke shi. Ina zaune na haɗa kai da gwiwa sai na ji Baba Yohanna ya ce, “Ɗana, jawo kujera ka zo nan.” Hausarsa irin ta mutanen kudancin jiha ce, komai “shi” ne a bakinsa. Ya nuna taga da haɓa ya ce, “Me kake gani a can?”

Na leƙa. Can bayan ginin, kusa da katanga, akwai wani ɗan ɗaki mai dogon bututu, baƙin hayaƙi yana fita. Kullum ina ganinsa, ban taɓa kula ba.

Ya ce, “Jajibirin ranar da za a yi wa babanka aiki, ya tambayi matar da ke share ɗakin nan, me ake ƙonawa a can. Ya ce masa, duk abin da aka kwaso daga ɗakin tiyata. Daga nan babanka bai ƙara cin abinci ba ranar.”

Na ce, “Baba Yohanna, shi ya gaya maka haka?”

“Da bakinsa. Ya ce, maƙwabci, ƙafar nan shekara hamsin tana kai ni masallaci, cikin ruwa da rana. Malamai sun gaya mana ranar da za a rufe baki, gaɓoɓi ne za su yi magana, to ita ce shaidata. Ya ce, duk sallar da nake yi don gudun wuta nake yi, sai kuma in sa hannu da kaina a jefa wani sashe nawa a wuta tun a duniya? Gara a binne ni gaba ɗaya.”

Na ce, “To me ya hana shi faɗa mana?”

“Ni ma na tambaye shi. Ya ce Liman yaro ne, zai ga tsoho da furfura bai san hukunci ba. Ƙaninsa kuma zai kai maganar kasuwa. Na ce ɗanka fa? Sai ya ce, wannan ai ɗan fari ne.” Sannan Baba Yohanna ya ƙara da cewa, “Ni ma da laifina. Kwana da kwanaki maganar yana cina. Na ce wannan abin addininku ne, ni Kirista in sa baki a ce na yi shisshigi. Saratu ne ya ce min jiya, kai tsoho, mutum zai mutu a gefenka kana lissafin shisshigi?”

Ban tsaya ko godiya ba, na fita da gudu neman likita. Na same ta a baranda tana cin biskit a tsaye. Da na gama faɗa mata sai ta dafe kai ta ce, “Inna lillahi! Auduga ce fa da bandeji da allurai ake ƙonawa a can. Gaɓar mutum dangi muke ba wa su je su binne, Musulmi ko Kirista. Har roƙonsu muke yi su zo su ɗauka.” Na ce to don me ba a gaya mana ba? Ta ce sai an gama aiki ake faɗa, ba wanda ya taɓa tambaya kafin. A nan kam ina da ƙorafi, kuma na faɗa mata: kalma ɗaya ce, da an saba faɗarta tun ranar farko da ba a kai haka ba. Ta karɓa, ba ta yi musu ba, Allah ya yi mata albarka.

Saura yadda za a gaya wa Baba. In na tunkare shi, ya san an tona cikinsa a gaban ɗan farinsa, kuma na san halinsa, kunya kaɗai za ta iya sa ya kafe. Baba Yohanna ya ce a bar masa. Washegari da safe likita ta zo zagaye da ɗalibanta, ta tsaya a gadonsa kamar yadda aka shirya. Sai ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji.

“Likita, ni fa ina da tambaya. In ƙafan nan nawa ya ƙi haɗuwa kuka yanke shi, ina za ku kai min shi? Can wurin hayaƙin?”

“Haba Baba Yohanna, wa ya gaya maka? Can shara ce kawai. Iyalinka za mu ba wa a naɗe, su kai maƙabarta su binne da mutunci. Haka muke yi wa kowa.”

“Kowa da kowa?”

“Kowa da kowa.”

Baba yana kwance fuskarsa a bango, ko motsi bai yi ba. Likita ta zo ta duba shi, ta zana layinta na ranar, ta wuce. Ni ina tsaye a ƙarshen gado ina jira. Sai da suka kai bakin ƙofa sannan Baba ya yi gyaran murya, ya yi magana kamar da bangon yake yi.

“A gaya wa yaron nan ya sayo farin yadi. Kamu biyu ya isa.”

Na fita baranda na yi kuka irin wanda rabona da shi tun ina firamare. Mama Saratu ce ta same ni a wurin, ta dafa kafaɗata ta ce, “Ya isa, je ka sayo abin da aka aike ka.”

A ƙasan gwiwa aka yanke. Ni da ƙanena muka ba da jini. Kafin a fito da Baba, wani ma’aikaci ya kira ni ta ƙofar baya ya miƙo min ita a naɗe cikin leda, na ƙara naɗe ta da farin yadin. Na riga na tambayi Liman yadda ake yi, ya ce ba wanka, ba salla, tunda mai ita yana raye, a dai suturta a binne. Da na ba shi labarin dalilin Baba, sai ya ce, “Na yi masa wa’azi na awa guda, ban tambaye shi kalma ɗaya ba. Allah ya yafe mana.” Shi ya raka ni. Muka shiga Keke Napep, na ɗora ta a cinyata. Tana da nauyi fiye da yadda na zata, na kuma riƙa tuna cewa ban taɓa riƙe ƙafar Baba ba sai ranar.

Mai haƙan kabari ya ga ƙunshi a hannuna ya ce, “Jariri ne?” Na ce a’a, ƙafar mahaifina ce. Ko gezau bai yi ba, ya ɗauki magirbinsa ya kai mu wani gefe kusa da katanga, ya ce nan ake sa irinsu. Ashe wuri ne guda, hannaye da ƙafafun mutanen da ke yawo a gari suna kwance suna jiran masu su. Ni da aka haifa a Bauchi ban taɓa sani ba. Da na ba Baba Yohanna labari ya ce kakarsa, wadda ba ta taɓa shiga coci ko masallaci ba, addinin kakanni ta bi har ta mutu, ko farce ta yanke sai ta tona ƙasa ta rufe. Na ce ikon Allah, Inna ma haka take yi da gashin da ta taje. Muka yi ta jujjuya maganar, wa ya koya daga wa, ko kuwa kowa da kansa ya ji cewa jikin ɗan Adam ba shara ba ne. Ba mu cimma matsaya ba, aka kawo abinci.

Da Baba ya farfaɗo sosai, bai kalli inda ƙafar take ba. Silin ya kalla ya ce, “An kai ta?”

Na ce, “An kai, Baba.”

“Ina ta fuskanta?”

“Gabas.”

Ya ce alhamdu lillahi, ya koma barci. Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi ni da shi ba tare da ɗan aike ba.

Mun ƙara kusan wata guda kafin a sallame mu, wankin ciwo kullum, allurar suga safe da yamma, wadda yanzu ni nake yi masa. Baffa Sule ya daina kawo zuma, ya koma kawo ƙwai, amma har gobe yana cewa da an ƙara wa mutumin Zungur mako ɗaya da an ga aiki. An riga mu sallamar Baba Yohanna, da ƙafarsa biyu, yana takawa da sanda. Ranar da zai tafi tsofaffin nan sun daɗe riƙe da hannun juna. Baba bai taɓa nuna ya gane abin da aka shirya masa ba, mu ma ba mu taɓa tayar da maganar ba, amma duk Sallah sai ya sa an kai cinyar rago Tirwun.

Ga mai jinya, abin da zan ce kaɗan ne. Mai suga kada ya taka ƙasa ba takalmi, a riƙa duba masa tafin ƙafa kullum, ƙaramin ciwo kuma a kai asibiti kafin a lafta masa komai. In tsohonka ya ƙi magani, kada ka yi saurin cewa taurin kai ne, ko tawakkali, ko sammu. Akwai abin da yake tsoro, kuma mai yiwuwa abin yana da amsa a baranda. In kunya ta hana ka tambaya, nemo wanda ba ta hana ba, ko da ba ɗan gidanku ba ne, ko da ba alƙiblarku ɗaya ba.

Sai da aka yi wata uku Baba ya iya sanduna sosai. Ranar da ya ce zai koma jam’i, La’asar ce, ni da Baffa muka sa shi a tsakiya, tafiyar da dā ba ta kai komai ba muka yi ta hutawa a hanya. Mutanen unguwa suna ta “Barka da arziki, Malam”, yana amsawa. Da muka kai ƙofar masallaci na durƙusa na cire masa takalminsa guda. Sai ya tsaya cak. Na ɗauka jiri ne, na riƙe shi. Mutane sun taru a bayanmu suna jira, Liman ya taso daga gaba ya zo.

Baba yana kallon dokin ƙofar. Ya ce, “Malam, ina da tambaya. Tun ina yaro da ƙafar dama nake shiga.”

Baffa ya buɗe baki zai ba da fatawa, Liman ya ɗaga masa hannu. Ni kaina na ƙagu in ji abin da malamai suka ce a kan wannan, don ban taɓa tunaninsa ba. Liman yana cikin tattaro amsa sai Baba ya gyara riƙon sandunansa.

“Bar shi, Malam,” ya ce. “Ai ita ta riga ta yi gaba. Wannan bin ta za ta yi.”

Ya yi bisimilla, ya ɗaga ta hagu ya shiga.